Idon sani, abokin hulɗa da amini: tambayar wani ɗan kasuwa daga Jidda

Wani Alhaji mai shigo da kaya a Jidda ya ɗauki ɗan ƙanensa ya riƙe masa waya da littafin ofis. Yana tambaya: mene ne bambancin idon sani, abokin hulɗa da amini, kuma yaya zai sa yaron ya gane waye waye?

Alhaji, kalmomin nan uku matakai ne. Idon sani shi ne wanda kuka san juna a fuska, ku gaisa a bakin masallaci, shi ke nan. Abokin hulɗa kuwa akwai kuɗi ko takarda a tsakaninku. Amini daga Larabci ya zo, tushensa ɗaya da amana: wanda za ka bar wa mabuɗin shago ka tafi Kano.

To, a kan haka za a raba littafin gida uku. Ka fara da mutum goma kawai a makon farko, waɗanda kiransu ba ya kwana: kafil, wato wanda ya tsaya maka kan takardun zama, da mu'aƙƙib mai bin takardu a Jawazat, ofishin fasfo da takardun zama, da mukhallis mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, sai manyan masu saye. Kiran mukhallis ne aka fi yin sakaci da shi, alhali kowace ranar da kaya suka ƙara bayan wa'adi kuɗin ajiya ne a wuyanka. A gaban kowane suna yaron ya rubuta abin da ya haɗa ku, harshen da ake yi masa magana, da lokacin da ake samunsa. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, saboda haka maganar ofishin gwamnati ta tsaya tsakanin Lahadi da Alhamis.

Inda sabon yaro ya fi faɗuwa shi ne alkunya. A wurinmu alkunya sunan sakayawa ce, kamar uwar da ba ta faɗin sunan ɗan fari. A wurin Larabawa girmamawa ce a kira mutum Abu wane, wato baban wane. Sai ka tarar da Abu Muhammad uku a waya ɗaya, a aika wa wannan farashin da aka yi wa wancan. Ya rubuta alkunya, da cikakken suna, da sana'a, duka a layi guda.

Alhaji ya kuma tambayi ma'anar "da ɗan gari akan ci gari". Ci a nan cin yaƙi ne, wato sai da wanda ya san ƙofofi da lunguna ake samun shiga. Kai ne ɗan garin. Kada ka miƙa masa lambobi ka juya baya, domin zumunta a ƙafa take. Ka ɗauke shi ku je wurin mutanen nan goma ɗaya bayan ɗaya, ka ce musu, "Wannan ɗana ne, in ya kira ni ne na kira." Aminai kuwa, kai za ka ci gaba da ɗaga wayarsu da hannunka.