Ga Uwata, kan maganar rahoton ƙarshen shekara

Assalamu alaikum, Uwata.

Saƙonki ya iso ni tun ranar Laraba. Sai da na sa ƙaninki ya karanta mini sau biyu, don idon ya fara gardama da ƙananan rubutun waya. Ban amsa da wuri ba saboda tambayar ba ta tsaye ba ce, ta zaune ce.

Ga abin da na fahimta. Shugaban sashenku na koyar da noman lambu da itatuwan marmari ya ɗora miki haɗa labaran ƙarshen shekara: su wa suka kammala karatu, wa aka ƙara wa girma, wane gwaji aka yi a gonar sashe, dashe nawa aka raba, har da takardar yabon da aka ba ki kan aikin tumatir. Mahaifiyarki ta ce kada ki kuskura ki sa sunanki, balle hotonki, saboda baki. Ke kuma kin tsaya a tsakiya kina tambaya ko al'adarmu ta yarda mutum ya lissafa baiwar da Allah Ya yi masa a bainar jama'a, sannan yaya masu lambun da suke rufe shekararsu.

Bari in fara da ta biyun, don ta ba ni dariya. Mai lambu ba ya rufe shekara a Disamba, a lokacin ma ƙafarsa ba ta fita daga laka ba. Tun ƙarshen damina ake yafa iri a wurin reno, a yi dashe in kaka ta kama, sanyin hunturu ya riƙe fure ya zama 'ya'ya. Daga Janairu zuwa Maris ne kwandunan tumatir ke cika kasuwar Kwanar Gafan har a rasa wurin sa ƙafa, kuɗin kwando ya faɗi warwas, wanda ya rasa mai saye ya yanka ya shanya kauɗa a bakin titi. Da zafin bazara ya shigo fure ya fara kakkaɓewa, ruwan rijiya ya ja baya, albasa ta shiga rudu tana jiran tsadar damina, a biya bashin taki da na mai, to a nan shekarar mai lambu take ƙarewa, ya ɗauki fartanya ya tafi sharar gonar tudu. Shekarar da jami'a ke rufewa ta kalandar ofis ce. Ba laifi ba ne, amma in kin zo kan gwajin da har yanzu yake cikin ƙasa, ki rubuta cewa yana cikin ƙasa. Ba a yi wa ciki suna.

Kakanki da jigo ya yi ban ruwa, sanda doguwa, curin laka a gindi, guga a baki, tun asuba har hantsi ya dubi ludayi. Ina saurayi aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi hanyoyinsa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, daga baya injin ban ruwa da rijiyar burtsatse suka cika fadamu. Kayan aiki sun sake, amma lokacin shuka da na tsinka suna nan inda sanyi da zafi suka ajiye su.

To, ga babbar tambayar. Abin da mahaifiyarki ta faɗa abu biyu ne a kulle ɗaya, kuma ita kanta wataƙila ba ta warware su ba. Akwai tsoron kambun baka, akwai kuma kara. Ke 'yar fari ce. Matar da har yau ba ta taɓa kiran sunanki ba, ita kike so ta ce a buga shi a takarda duniya ta gani? Ko da a ranta tana rawa, bakinta ba zai furta ba. Hausawa sun ce ana barin halal don kunya. Wannan rabin ba hani ba ne, ki bar mata shi a matsayin adonta.

Shi kuwa kambun baka ba zan ce miki ƙarya ne ba, ya zo a hadisi cewa ido gaskiya ne. Na tashi na tarar da kakanki yana kife tsohuwar baƙar tukunya a kan sanda a tsakiyar albasa, wai idon mai wucewa ya fara sauka a kanta. Da liman ya yi masa magana ya cire, ya koma faɗin tubarkalla masha Allah duk safiya in ya shiga lambu. Amma ko rana ɗaya bai ɓoye lambun ba, don ba ya ɓoyuwa. Duk mai bin hanyar fadama yana ganin albasar wa ta yi kai, ta wa ta tsaya a lawashi.

Abin da yaran yanzu ba su sani ba shi ne, a ƙauyen da, amfanin gona ba sirri ba ne. Dammunan gero a fili ake jinginawa, a fili ake ƙirgawa, don daga ƙirgar ake fitar da zakka: in ya kai nisabi, wato mudun Annabi 1200, abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne, wanda aka sha wahalar ban ruwa ɗaya cikin ashirin. Wanda ya ɓoye yawan daminsa ba a ce masa mai kunya, ana zarginsa ne da gudun haƙƙin mabuƙata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai ma abin da ya fi haka. A ƙasar Katsina ta arewa da kwarin Maraɗi, manomin da ya noma dami dubu yakan yi bikin dubu. Ya gayyato jama'a da makaɗa, a ƙirga dammuna a gaban shaidu, sannan ya shiga rabo, ya yi ta bayarwa har abin ya ba mutane tsoro, daga nan ne yake amsa sunan Sarkin Noma. An cuɗa bikin da tsafe-tsafen da malamai suka ƙi, shi ya sa ya ja baya, kuma ba ina ce miki a farfaɗo da shi ba ne. Abin da nake so ki lura da shi tsarin ne. Ba shi ke ƙirga wa kansa ba. Ba shi ke yi wa kansa kirari ba, aikin maroƙi ne, shi kuwa yana zaune kansa a sunkuye. Kuma ba a shelar dubu sai da rabo. Yabon kai jahilci ne, amma wannan karin magana bakin mai abu ta kama, ba ta hana gari ya faɗi abin da ya gani ba.

Addini ma bai ce a binne ni'ima ba, ƙarshen Suratul Duha umarni ne a ba da labarinta. Mai gonaki biyu na Suratul Kahfi ba don an ga gonarsa ya yi asararta ba, sai don ya ce wa abokinsa na fi ka dukiya da jama'a, ya shiga yana zaton ba za ta taɓa ƙarewa ba. Su kuwa masu lambun Suratul Ƙalam ɓoyewa suka yi niyya, suka yi sammako suna raɗa don kada miskini ya shigo musu, suka tarar da ita ƙurmus. Kin ga ke nan mai tinƙaho da mai ɓoyo duk sun yi asarar lambu.

A mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan tumatir da albasa da latas da sauran kayan marmari, sai dai a kan kuɗinsu in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Amma al'ada ba ta bar mai lambu ya tafi haka ba. Tsinkar farko ba ta zuwa kasuwa gaba ɗaya. Akan cika ƙwarya a kai gidan liman, a kai wa maƙwabta da tsofaffin da ba su da mai yi musu, a ce ga ɗanɗano. Wanda ya taya dashe yana da rabonsa ko bai tambaya ba. Bayan tsinkar ƙarshe a saki lambu mata da yara su yi kala. Da wannan ɗanɗanon ne unguwa ke sanin lambun wane ya yi kyau bana, kuma da wuya bakin da ke tauna kayanka ya yi maka mugun fata.

Saboda haka ki rubuta rahotonki. Sashe ne ke magana ba ke ba, ke maroƙiyar gida ce a wannan aikin, kar ki ji haushin sunan. Inda aka zo kan takardar yabonki, ki miƙa wa wani abokin aikinki ya rubuta layin, ko shugaban sashe, ke ki tsallake. Amma akwai abubuwan da zan duba in an kawo mini takardar.

Zan duba ko akwai sunan masu riƙe da tiyo. Kowace gonar gwaji da na taɓa shiga akwai wani dattijo da ya fi kowa sanin ƙasarta, shi ke zuwa ban ruwa ranar Sallah da lokacin yajin aiki, shi ne hannunsa ya iya auren mangwaro da lemo har ya kama, ɗalibai a gefensa suke koyon riƙon wuƙa. Rahoton da ya jera farfesoshi ya manta da shi ya ci amanar gayya, don a gayya ba a sallamar mutane sai an ambaci kowa an yi masa godiya. Ki dubi yadda ake raɗa wa iri suna. Albasar Galmi, can jihar Tawa a Nijar, ta zaga ƙasashen Afirka ta Yamma da sunan garin, ba da sunan wani mutum ɗaya ba, domin manoman wurin ne suka yi ta zaɓen iri shekara da shekaru. Albasar Aliero ma haka. Ko cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta faro tun 1922 kafin ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, farkon sunan Samaru take liƙa wa masara da wake da gyaɗar da ta fitar, ba sunan wanda ya yi binciken ba.

Zan kuma duba ko an faɗi abin da ya mutu. A majalisar masu lambu bayan la'asar, labarin asara ya fi na riba tsawo, kuma shi ne mai amfani. Ki tuna 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ƙwaron ɗan asalin Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya gangaro Afirka. Tsutsar cikin ganye take shiga ta yi rami, shi ya sa mutane suka yi ta feshi kamar suna yi mata wanka, ga shi zafi na ƙara mata haihuwa. A shekarar, wanda ya fito ya ce na fesa kaza bai yi ba ya fi mai shiru taimakon jama'a, don ya hana goma zubar da kuɗinsu. In wani iri da kuka gwada ya ƙi zafi, ko ya ruɓe kafin ya kai Ikko a kwando, ki rubuta. Albasa takan ƙi halin ruwa, ba abin kunya ba ne ga mai ban ruwan.

Wannan maganar da kunyar kaina nake yi miki ita. Lokacin ina malamin gona, wata shekara aka ba mu dashen mangwaro mai aure da gwaiba mu raba a ƙauyuka. Na raba, na rubuta adadin a rahoton ƙarshen shekara da manyan baƙaƙe, aka yaba mini a taro, na dawo gida ina jin kaina. Bayan bazara babbanmu ya ce in kai shi ya gani. Uwata, awaki da gara da ƙishirwa sun riga mu. A wani ƙauye sai da muka zaga har bayan masallaci kafin muka sami guda biyu da wata tsohuwa ta kewaye da ƙaya tana zuba musu ruwan alwala. Mutumin bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, a rahoto mai zuwa in rubuta sunan tsohuwar. Tun daga ranar na daina ƙirga dashen da ya bar hannuna, sai wanda ya tsallake bazararsa ta fari. Mangwaro mai aure shekara uku zuwa huɗu yake yi kafin ya fara 'ya'ya, don haka in kuna son lissafin gaskiya, ku koma ku dubo wanda kuka raba shekarun baya.

Na ƙarshe shi ne ɗanɗano. Takardar da aka buga da Turanci aka ajiye a kwamfuta, manomin da ke bayan katangar jami'arku bai san an yi ta ba. Ki roƙi shugabanku a fitar da shafi ɗaya da Hausa, ko a kira masu lambun kewaye wata safiya su zaga gonar, su murza ganye da hannunsu, su tafi da ɗan iri a ƙulle. Za su gaya muku abin da ba ku tambaya ba, wani ma ba zai yi muku daɗi ba.

Maganar hoto kuwa, ni da za ki ji tawa, a ɗauke ku gaba ɗaya a cikin gona, ke da ɗalibai da leburori, maimakon ke kaɗai riƙe da takarda. Ki yi azkar ɗinki na safe da yamma kamar yadda kika saba. Mahaifiyarki ki bar ni da ita, zan biya gidan ranar Juma'a bayan an sauko. Na san za ta ce ba ruwanta, ta juya baya tana gyara murhu, sannan in na tashi tafiya ta aiko yaro ya tambaye ni ko za a sami kwafi ɗaya.

In za ki zo hutu ki taho mini da dashen mangwaron Binta Suga guda biyu daga wurin renonku, masu auren da ya warke sosai, ba waɗanda aka ɗaure jiya ba. Na riga na sa an haƙa ramuka a bayan gida, ƙayar ma tana nan a tare. Ki gaida mai gidanki da yaran.

Baffanki.