Takwara, da rigimar "Ronaldo na asali"

Tambayar farko daga Agege ta zo, daga wani bawan Allah mai gidan kallon ƙwallo. Ya ce da wuya a yi mako ba a yi cacar baki a gidansa ba. Magidanta su dage ɗan Birazil, Ronaldo Nazário, shi ne "Ronaldo na asali", samari kuma su ce wannan cin fuska ne ga Cristiano. Yana so ya ji yadda Hausa ke kiran mutum biyu masu suna ɗaya, kuma ko "na asali" ta zauna daidai a nan.

Malam, kalmar da kake nema ita ce takwara, jam'inta takwarori. Namiji da mace duk ana ce musu takwara, ɗafin da ke biye ne ke bambanta su: takwaransa, takwararta. Idan Sani ya haɗu da Sani a tashar mota, "takwara" kawai zai ce, an gaisa ke nan, kuma sau da yawa da ɗan raha a ciki. 'Yan jarida sun faɗaɗa ta, shi ya sa kake jin "shugaban Najeriya ya gana da takwaransa na Nijar", alhali ba suna ya haɗa su ba, kujera ce. Wannan ma'ana ta biyu ta zauna daram, ba na faɗa da ita. Abin da ba na so shi ne a riƙa sa takwara a gurbin sa'a ko tsara, domin waɗannan na shekaru ne.

Batun "na asali" kuwa, samarinka suna da gaskiya, ko da yake ba don dalilin da suke bayarwa ba. Asali tushe ne. Ba a cewa abu na asali ne sai idan akwai wani da aka kwaikwaya daga gare shi, wato jabu. To Cristiano Ronaldo, wanda aka haifa a tsibirin Madeira na ƙasar Fotugal a 1985, sunan shugaban Amurka na lokacin, Ronald Reagan, aka sa masa. A shekarar ɗan Birazil yaro ne mai shekara takwas da 'yan watanni, ba wanda ya san shi bayan unguwarsu. Ina kwaikwayo a nan?

Wani abin da magidantan suka manta shi ne, shi kansa Ronaldo Nazário bai fara da mallakar sunan ba. Da aka tafi da shi gasar cin kofin duniya ta 1994 yana ɗan shekara 17, akwai wani Ronaldo mai tsaron baya da ya girme shi a tawagar, sai aka riƙa ce wa babban Ronaldão, shi kuma Ronaldinho, wato Ronaldo babba da Ronaldo ƙarami. A gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ma haka aka yi, domin akwai Ronaldo Guiaro a baya. Duk wanda ya kalli wasan da Birazil ta ci mu, 'yan Najeriya, ɗaya da nema a rukuni, sunan da ke bayan rigar wanda ya ci ƙwallon Ronaldinho ne. Shi ne kuma muka sake haɗuwa da shi a wasan kusa da na ƙarshe, ranar da muka taso daga 3-1 muka ci 4-3 da ƙwallon Kanu. Sai da ya yi fice a Barcelona da Inter, ya ɗauki Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon shekara, a 1997, sannan sunan ya zama nasa tsura ba jela. Da wani yaro mai suna Ronaldo de Assis Moreira ya taso, shi ya gaji "ƙaramin", wato Ronaldinho, kuma da shi duniya ta san shi har ya ɗauki nasa Ballon d'Or a 2005.

Ronaldo Nazário ya ci ƙwallo 8 a gasar duniya ta 2002, biyu daga ciki a ragar Jamus a wasan ƙarshe, ya kuma bar fage da ƙwallo 15 a gasar duniya, duk da gwiwar da ta yi ta cin amanarsa. Cristiano ya zo Manchester United a 2003, ya tara Ballon d'Or biyar daga 2008 zuwa 2017. Yau idan ka ce "Ronaldo" a gaban ɗan shekara ashirin, ba ya tambayar wanne. Abin da ke yi wa magidantan ciwo ke nan, kuma na fahimce su, don ni ma cikinsu nake. Amma gaba da gabanta. A ce "Ronaldo na Birazil" ko "Ronaldo babba", Hausa ta wanke, rigima ta ragu.

Mu Hausawa ai mun daɗe da maganin wannan matsala. Gidan da aka sa wa 'ya'ya maza Muhammadu a jere, lissafin Larabci aka aro aka raba su: Auwalu ko Lawal na farko, Sani na biyu, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har gaba. A waje kuma a haɗa wa mutum garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari, ko sana'arsa, ko siffarsa. Je ka kasuwar Mile 12 ka ce kana neman Musa, za a tambaye ka Musa Dogo ko Musa Mai Albasa.

Wata malamar makaranta daga Idi-Araba ta tambaya a kan "suna linzami". Ta ce ta ji wani yana kafa hujja da shi cewa duk yaron da aka sa wa sunan gwani, gwani zai zama.

Hajiya, an ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Linzami shi ne ƙarfen da ake sa wa doki a baki, a ja shi ya tsaya ko ya juya. Ma'anar kusa ita ce, ko cikin taro mutum yake, ka ambaci sunansa sai ya waiwayo. Daga nan mutane suka ƙara cewa suna yakan ja mai shi zuwa halin da ya dace da shi, shi ya sa iyaye ke zaɓen suna mai kyau. Wannan fata ne, kuma fata nagari lamiri. Amma linzami juya doki yake yi, ba ya ƙara masa gudu.

Ki duba Luis Suárez biyu. Na farko ɗan Sifaniya ne, ɗan wasan tsakiya mai natsuwa, ya ɗauki Ballon d'Or a 1960 yana Barcelona, ya koma Inter ya ci kofin Turai a 1964 da 1965. Na biyu ɗan Yurugwai ne, wanda ya sa hannu ya tare ƙwallon Gana a 2010 a Afirka ta Kudu, Asamoah Gyan ya buga fanareti ta daki ƙarfen sama, Afirka ta kwana da baƙin ciki. Shi ma ya je Barcelona a 2014, ya zazzaga ƙwallaye. Suna ɗaya, kulob ɗaya, gwanintar ma duk akwai, amma hali da salon wasa ko kusa. Karin maganar da ta dace da su ita ce "kama da wane ba wane ba ne".

Na Dembélé ya fi rikitarwa, don su biyun Musa ne, kuma duk tushensu Mali. Mousa mai "s" ɗaya ɗan Beljiyam ne, haihuwar 1987, ɗan tsakiya. Ya bar Fulham zuwa Tottenham a 2012, kuma a shekarar ce Fulham ta ɗauko Moussa mai "s" biyu daga Faransa yana ɗan shekara 16. Wannan ɗan gaba ne, ya yi suna a Celtic da Lyon. Kada kuma a haɗa su da Ousmane Dembélé da ya ɗauki Ballon d'Or a 2025. Shi Usman ne, sunan zuri'a kawai ya haɗa su, kuma a ƙa'idar Hausa wannan bai mai da shi takwaransu ba, domin takwara a sunan yanka take.

Tambaya ta ƙarshe gajeriya ce, daga wani mai sayar da raguna a Alaba Rago: ko 'yan ƙwallon nan Babangida 'yan'uwan Janar Ibrahim Babangida ne? A'a, Alhaji. Babangida sunan alkunya ne. Idan aka sa wa yaro sunan kakansa, uwa da sauran matan gida ba sa iya kiran sunan surukinsu gatsal, sai su ce Babangida, ko Abba, ko Baffa. Don haka ana samun sa a gidaje da dama da ba su haɗa komai ba. Tijjani Babangida na Ajax, wanda yake cikin tawagar Atlanta tare da Garba Lawal, 'yan Kaduna ne shi da ƙannensa Ibrahim da Haruna. Marigayi Ibrahim, wanda ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, cikakken takwaran Janar ɗin ne, kuma ya ci kofin ne 'yan kwanaki bayan Janar ya sauka daga mulki. Shi kuwa Janar, wanda 'yan jarida suka yi wa laƙabi da Maradona, ɗan Minna ne daga Jihar Neja.