Kaɗa garaya da sassauƙar tsirkiya

Ka tambaye ni, yaro, dalilin da ya sa nake sassauta tsirkiyar garayata, alhali idan kai ka kaɗa ta a haka sai ta yi ta karkarwa, muryarta ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Gyaran yana hannunka. Tsirkiyar da ba a ɗaure tamau ba ba ta son duka, ana taɓa ta ne kusa da jaki, wato ɗan abin nan da ke ɗage tsirkiya daga kan fatar garaya, inda take da ɗan tauri, sa'an nan yatsan hagu ya sauka a hankali, domin idan ka danne ta da ƙarfi sautin zai haura inda ba ka nufa ba. Batun ɗaura tsirkiya da zaunar da jaki kuwa ba zan ɓata bakina a kansa ba, wanda ya shekara biyu yana share mini rumfa ya isa ya san wannan.

Tambayar taka ta tayar mini da wani tsohon miki. Wata shekara, a ƙarshen damina, wani makaɗi ya same ni a nan Kasuwar Kurmi ya ce in haɗa masa garaya, ya ba da rabin kuɗi, ya yi rantsuwa cewa ragowar sai ya dawo daga wani biki. Na yi kwana goma sha biyu a kanta, na zaɓi fatar da nake ɓoyo domin kaina, na jiƙa ta, na ja ta da hannuna, na bar ta ta bushe a inuwa. Ranar da ya zo karɓa na ja masa kunne sau uku cewa kada ya ƙara wa tsirkiyar ɗauri, saboda fata tana da laushi a lokacin danshi, amma da zarar hunturu ya shigo Kano za ta ɗame ta ɗaga jakin, tsirkiya kuma ta ƙara tauri da kanta.

Bai ji ba. Yana son garayarsa ta danne ganga a filin biki, sai ya ja ɗaurin har iyakarsa, ya kuma kara fatar a garwashi, ta tsage daga ƙarƙashin jaki har gefe. Mutumin nan ya dawo rumfata ana tsakiyar ciniki, ya ɗaga ta sama yana shela wai ruɓaɓɓiyar fata na sa masa. Maƙwabta suka taru, na haɗiye maganata saboda furfurar dattawan layin, ya tafi da garayar da ragowar kuɗina, kuma har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba.

Ku yaran yanzu irin halinsa gare ku, kunnenku ya saba da lasifika, duk abin da bai yi ƙara ba a wurinku bai yi daɗi ba, alhali zurfin muryar garaya a sassaucin tsirkiya yake fitowa. Ɗauki waccan tsohuwar da ke rataye, ka zauna kusa da ni, kuma kada hannunka ya kai ga ɗaurinta sai na ce.