Hukuncin Kuɗin "Caji" Da Masu POS Da Manhajojin Bashi Ke Cirewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mai POS ya ce caji, banki ya ce caji, manhajar da ke ba da bashi a waya ita ma ta rubuta "sabis caj". Mene ne ainihin ma'anar wannan kalma? Anya ba kuɗin ruwa ba ne aka sauya wa suna?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kalmar Turanci ce, ana nufin kuɗin da ake karɓa a madadin wani aiki da aka yi wa mutum, wato ladan aiki, wanda malaman fiƙihu ke kira ujra. Karɓar lada a kan aikin halal ya halatta. Sai dai a shari'a manufar ciniki ake dubawa, ba sunan da aka laƙaba masa ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba da labarin wasu daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiranta da wani suna. Don haka abin da za ka tambayi kanka shi ne: a madadin me aka karɓi wannan kuɗi? Aiki aka yi maka, ko lokaci aka sayar maka?

Mu fara da mai POS. Ka ba shi kati ya cire ₦10,200, ya miƙo maka tsabar ₦10,000. Wasu malamai sun hana, suka ce naira ce aka canza da naira da ƙari, alhali hadisin Ubada ɗan Samit a Sahihu Muslim ya shardanta daidaito da hannu da hannu a zinariya da azurfa, kuma kuɗin takarda hukuncinsu guda. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne ya halatta, domin ɗari biyun nan ladan wakilci ce: ya mallaki na'ura, ya sayi data, ya biya hayar rumfa, ya nemo tsabar kuɗi, kamfanin na'urar ma yana cire nasa a jikinsa. Ko da cajin ya ƙaru saboda yawan kuɗin da aka cire, ba laifi, tunda ɗawainiya da haɗarin da yake ɗauka sun ƙaru.

Amma da sharaɗi. A san adadin cajin kafin a saka kati, kuma a gama komai a zama ɗaya, shi ya ga kuɗi sun shiga, kai ka karɓi naka. Inda ake zamewa shi ne mai POS ya ba ka ₦10,000 yau, ya ce ka turo ₦10,500 jibi. Wannan bashi ne da ƙari, ko da ya kira shi caji. Idan kuma matsalar sabis ta sa an cire maka kuɗi bai shiga wurinsa ba, bai cancanci lada ba, domin aikin bai kammala ba. Ka riƙe rasit ɗinka ka bi bankinka. Abin da aka gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, inda wasu suka riƙa ninka caji sau da yawa don mutane sun matsu, ya wuce ladan aiki, ya koma sayar da naira da naira, ga kuma zalunci a kai.

Manhajojin bashi kuwa, a nan ne matsalar ta fi girma. Misali, ka nemi ₦20,000, a tura maka ₦17,000, a ce an cire ₦3,000 na sabis, ka dawo da ₦20,000 bayan kwana 14. A haƙiƙa ₦17,000 ka ranta, ka biya da ƙarin ₦3,000. Kuɗin ruwa ne tsantsa, cire shi tun farko bai canza komai ba. Ibnul Munzir ya naƙalto ijma'in malamai cewa duk ƙarin da mai ba da bashi ya shardanta riba ce ta haram. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta yanke cewa ya halatta a karɓi kuɗin hidimar bashi gwargwadon abin da aka kashe na haƙiƙa kawai, duk abin da ya haura haka haramun ne.

Za ka gane ƙarin haram idan ka ga cajin yana hawa da tsawon wa'adi, na wata biyu ya fi na wata ɗaya, ko an ɗaura shi da kason bashin, kamar kashi 15 cikin ɗari, alhali aikin duba takardun mai neman dubu ashirin da mai neman dubu ɗari kusan ɗaya ne. Haka ma tarar jinkiri da ake ɗorawa kullum idan ka makara; wannan ita ce ribar jahiliyya, ko ka biya ko a ƙara maka.

Cajin tura kuɗi, na saƙon da banki ke aikowa, da na buga katin ATM duk ladan aiki ne, sun halatta. Haka kuɗin hidima da wasu otal da gidajen abinci ke ƙarawa a lissafi, muddin an sanar da mai saye kafin ya ci.

Wanda ya riga ya karɓi irin wancan bashi ya tuba, ya gaggauta biya don kada tara ta hau kansa, ya nemi a yafe masa ƙarin idan zai yiwu, kuma kada ya ci wani bashin don ya rufe na farko.

Wallahu a'alam.