Ku Tambayi Anti: Na daina cin abincin dare amma tumbin nan ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah ki ba ni shawara amma ki ɓoye sunana. Shekarata 47, haihuwata shida, autana yana aji uku a firamare. Ni da can ba mai jiki ba ce, ko jego na yi wata biyu uku jikina ya koma, amma tun wajen shekara huɗu baya ƙiba ta sako ni gaba kuma duk a ciki da damatsa take taruwa, har ta kai in na je biki sai a ce min Hajiya Allah ya raba lafiya, alhali al'adar ma yanzu sai ta yi wata biyu uku ban gan ta ba. Da aka auna ni a asibiti kilo 89 ne kuma nas ɗin ta ce jinina ya ɗan hau. Na daina cin abincin dare, ina shan ruwan zafi da lemon tsami kullum da asuba har haƙorana sun fara mutuwa, na sayi shayin rage ƙiba a Instagram da kuɗi masu yawa wallahi banda gudawa ba abin da ya tsinana min. Gwiwoyina ciwo, nafila ma a zaune nake yi. Wata ƙawata ta ce in haƙura wai mace in ta wuce arba'in injin jikinta ya mutu, ko iska ta sha ƙiba za ta yi. Gaskiya ne? Shi kuma maigidan cewa yake in bar jikina haka kada danginsa su ce ba ya ciyar da ni.

Daga wata uwa a Kano

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya ya raya zuri'a. Kafin komai, tunda al'ada tana miki wasa kuma ciki yana ƙara girma, ki fara yin gwajin ciki. Kar ki yi dariya, a 47 mace tana iya ɗauka matuƙar ba ta cika wata 12 cur ba ta ga jini ba, kuma ba a ɗura wa mai juna biyu shayin gudawa. In ba shi ba ne sai mu ci gaba.

Maganar ƙawarki kuwa ta yi haƙuri, ba haka ba ne. A 2021 mujallar Science ta buga wani babban bincike da aka yi a kan mutum sama da 6,400 a ƙasashe 29, tun daga jarirai har masu shekara 95, aka ga cewa yadda jiki ke ƙona abinci, in an yi la'akari da girman jikin mutum, kusan a tsaye yake daga shekara 20 har 60, sai bayan nan yake fara ja da baya a hankali. Kinga ke da sauranki.

Amma ke ma ba ƙarya kike ba, akwai abin da ya canza. Yawancin mata al'ada na ɗauke musu ne tsakanin 45 da 55, kuma a shekarun da ke gabanin ɗaukewar, sinadarin jikin mata da ake kira estrojin yana ta hawa da sauka kafin ya yi ƙasa gaba ɗaya. Da can shi ke kai kitse ƙugu da cinyoyi, da ya ja baya sai kitsen ya koma ciki, kuma ba na ƙarƙashin fata kaɗai ba har da wanda ke lulluɓe hanji da hanta, wanda shi ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini. Shi ya sa wata sikeli ba zai nuna ta ƙara komai ba amma zani ya daina zagaye ta. Ga tsoka da ke raguwa tun daga shekara 30 in ba a sa ta aiki, ga barci da ya lalace saboda zafin jiki da gumin dare, wanda bai yi barci ba kuwa washegari zaƙi da maiƙo bakinsa ke nema. A waɗannan shekarun abin da mace ke ƙarawa a shekara yawanci bai ma kai kilo ɗaya ba, ba ya ganuwa sai an tara shekara goma.

Sai kuma abin da ba mu cika so a faɗa ba. Ki tuna kanki kina 28: goyo a baya, wanki a tsugunne, shara safe da yamma, jan ruwa a rijiya, surfe in a gidan da ake yi ne, unguwa a ƙafa da yaro a kafaɗa. Yanzu fa? 'Yan mata sun tasa sun karɓe wanki da wanke-wanke da girki, markaɗe inji, unguwa adaidaita sahu har ƙofar gida, ke kuma kina kan kujera da waya a hannu kina cewa wance ɗauko min kaza. Hutu ne kuma kin ci gumin ki kafin ki same shi, sai dai malmalar tuwon ba ta ragu ba, har yanzu ta lokacin shayarwa ce.

Kin faɗa min abin da kika daina ci amma ba ki faɗa min sauran abin da kike sha ba, kuma ni a nan nake fara zargi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya wuce giram 50 a rana, wajen ƙaramin cokali 12 kenan, in da hali ma a tsaya a 6. Kwalbar lemo ɗaya ta 35cl kusan cokali 9 ne a ciki. Maltin da muke sha muna cewa ƙarin jini ne shi ma sukari ne fal. To ki ɗora shayin safe mai kauri da madara da sukari cokali uku, zoɓon da aka aiko daga maƙota, kunun aya mai sanyi da azahar, furar da aka zuba wa sukari sai ka ce ba ta da ɗanɗanon kanta, kafin la'asar kin ninka ƙa'idar kuma cikinki bai san kin ci komai ba, don abin sha ba ya ƙosarwa yadda abin tauna ke yi. Zoɓo ba shi da laifi, ki yi shi da citta da kanumfari ki bar sukarin. Mai ma haka, babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ki duba yadda ake kwarara shi a wake da shinkafa da mai da yaji, ko awarar da za a soya a tsoma a ƙwai a sake soyawa.

Barin abincin dare kuwa na san inda yake ƙarewa. Ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta hana barci, a lallaɓa kicin a ce bari in ɗan taɓa ragowar taliyar auta kada ta lalace ai almubazzaranci babu kyau, a ɗora da cincin ɗin baƙi. Kuma horon yunwa ba kitse kaɗai yake ci ba har da tsokar da muke son tattalawa. Ki ci abincinki sau uku amma ki juya kwanon: tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunki, miyar kuka ko kuɓewa ko ta ganye ta fi tuwon yawa, in wake da shinkafa ne waken ya rinjayi shinkafar, ki yawaita kwaɗon zogale da na rama, alale, dafaffen ƙwai, kifi, kindirmo mara sukari. Waɗannan ke riƙe ciki kuma su ke gina tsoka. Na dare ki ci da wuri bayan magariba. Tunda jininki ya fara hawa ki sa ido kan gishiri da dunƙulen magi, giram 5 na gishiri ne ƙa'ida a rana gaba ɗaya, ƙaramin cokali ɗaya, daddawa da albasa da citta za su rufa wa miyar asiri. Ba sai kin sayi wani abincin Turawa ba, ba kuma sai an ɗora miki tukunya daban ba.

Shayin nan ki zubar. Yawancinsu ganyen filasko ne ko danginsa, ruwa da bahaya suke fitarwa, sikeli ya nuna kin sauke kilo biyu, ki sha ruwa kwana biyu su dawo, a bar ki da jiri da hanjin da ya saba sai an tura shi. Mafi muni ma an sha kama irin waɗannan kayan a ƙasashe daban-daban an cakuɗa musu sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwa a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ke kuma ga hawan jini. Lemon tsami ba ya narkar da kitse, haƙoranki dai yake cinyewa kamar yadda kika fara gani. Ɗamarar matse ciki kuwa ta biki ce, kina cirewa kayanki na nan.

Motsa jiki, na san za ki ce gwiwa. Ai gwiwar ce ma ta fi kowa buƙata, duk kilo ɗaya da kika sauke kamar kilo huɗu ne kika ɗauke mata a kowane taku. Abin da ake so minti 150 a sati na tafiya mai ɗan sauri, wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, minti 30 kenan sau biyar, kuma kina iya rarraba shi goma-goma bayan kowane cin abinci. Ba sai kin je jim, wato gidan motsa jiki, ba, ba sai kin fita titi ana kallonki ba, zagayen tsakar gida bayan asuba ya isa, Islamiyya in babu nisa ki tafi a ƙafa da maƙociyarki. Sai aikin ƙarfi sau biyu a sati wanda shi mata suka fi watsar da shi alhali a shekarunki shi ne kan gaba: ki zauna a kujera ki miƙe ba tare da dafa komai ba sau goma, ki huta ki sake, ki tura bango da hannuwa, ki ɗaga robar ruwa a kowane hannu. In gwiwa ta kumbura ko tana zafi sosai ki tsaya likita ya gani.

Kuma kar ki sa wa ranki jikin amarci. A kilo 89, in kika sauke 5 zuwa 7 cikin wata shida kin yi babban aiki, jini da suga da gwiwa duk za su shaida. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, masu dab da kamuwa da ciwon suga da aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 ɗin nan, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. Ki ari tef ɗin tela ki auna cikinki ta wajen cibiya sau ɗaya a wata, santimita 88 zuwa sama ga mace haɗari ne sosai, abin da ake so kewayen cikin kar ya kai rabin tsawonki. In kin koma asibiti ki ce a miki gwajin suga da na tayirod, wato ƙullin nan na maƙogwaro wanda in ya yi sanyin aiki yake kawo ƙiba da kasala da jin sanyi, a kuma yi sikanin ciki, don ƙarin mahaifa da ake kira faibroid ya yi yawa a cikinmu baƙaƙen fata kuma yana tura ciki gaba a ɗauka teɓa ce.

Maigida kuma ina ganin tsoronsa, a wajenmu mace ta faɗa kaɗan sai a fara lafiya kuwa, ko kishiya ce, ko cefanen ne ya yi ƙasa. Kar ki ce masa kina son ramewa, ki nuna masa katin asibitin ki ce likita ya ce jini ya hau, in da hali ku je tare a auna nasa shi ma, da wuya a ce tumbin ke kaɗai ke da shi a gidan.

*

Anti ni shekarata 52, wani mai kemis ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na ciwon gwiwa suna min aiki sosai kusan shekara guda ina sha, amma fuskata ta kumbura, wuyana ta baya ya yi tozo, cikina ya fito ƙafafuna kuma sun sirance. A jikin kwalin an rubuta dexamethasone.

Daga wata baiwar Allah a Gusau

Yaya, wannan ba ƙibar shekaru ba ce, aikin maganin ne. Yana cikin ƙwayoyin da 'yan mata ke sha don su yi jiki, irin su sha ka fashe, kuma abin da kika lissafa shi ne hotonsa sak, yana kuma tayar da suga da jini ya rarake ƙashi, ke da kike shekarun da ƙashi ke rauni da ma. Amma dan Allah kar ki daina shi dare ɗaya, bayan shekara guda jikinki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa kai tsaye na iya kayar da mutum har ya kai ga rasa rai. Ki ɗauki kwalin ki je babban asibiti a wannan satin, likita ne zai riƙa rage miki shi kaɗan-kaɗan ya canza miki maganin gwiwar.

*

Anti allurar nan ta rage ƙiba, Ozempic, da ake ta magana fa, in saya? Wata ta ce tana kawowa daga waje.

Daga wata ma'aikaciya a Abuja

Maganin gaskiya ne ba irin shayin can ba, sunan sinadarin semaglutide, asali na masu ciwon suga ne, kuma a gwajin da aka yi da babban awonsa mutane sun sauke kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a sati 68. Sai dai waɗanda suka daina sun mayar da wajen kashi biyu cikin uku a shekara guda, yana sa tashin zuciya da amai, ga tsada, ana ajiye shi ne a firij, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan jabunsa da ke yawo. Wanda ya biyo jakar wata daga waje ba ki san zafin da ya sha a hanya ba. In kina ganin kin cancanta ki ga likitan suga ya auna ki ya rubuta miki, ki saya a kantin magani mai rajista.