Sayen fili kusa da sabon filin jirgin Lekki-Epe: riba ce ko kasada?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Agege. Dillalai sun dame ni da tallar filaye a wajen Epe, wai filin jirgi zai zo, farashin filaye zai ninka. In saya?

Amsa: Alhaji, maganar dillalan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba kowane fili ne zai ci moriyar ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince wa jihar Legas ta gina filin jirgi a yankin Lekki-Epe. Ga kuma tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Dangote, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, suna tara kaya da ma'aikata a can.

Ka dubi Ikeja da ke maƙwabtaka da kai. Tun da aka buɗe sashen jiragen ƙasashen waje na filin Murtala Muhammed a 1979, Ajao Estate da bakin titin shiga filin suka cika da otal-otal, rumbunan ajiya da ofisoshin masu fiton kaya. Arzikin titi yake bi. Gidajen da suka faɗo ƙarƙashin hanyar saukar jirage kuwa, rabonsu ƙara ce dare da rana, ga hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ke ƙayyade tsawon gini. Idan kuma mayanka kake son kafawa, ka manta, don ba a son abin da ke jawo tsuntsaye kusa da jirage.

Inda na fi ji maka tsoro shi ne takarda. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma filin da ya fi kusa da aikin shi ya fi yiwuwar kasancewa cikin wanda gwamnati ta riga ta karɓe. Ranar da aka zo rusau, rasit ɗin omo onile, wato masu sayar da fili da sunan gadon iyayensu ne, ba zai cece ka ba. Diyya ma, ga wanda ya cancanta, ta gini da shuka ce.

Kafin ka ba da ko sisi, ka ɗauki safiyo ya auna filin, a kai ofishin Babban Safiyo da ke Alausa a duba ko gwamnati ta sake shi. Ka kuma je da ƙafarka da damina, domin yankin akwai fadama, kuma kuɗin cikon yashi kan cinye ribar. Idan kuɗin jarin kasuwarka ne, ban ba ka shawarar binne su ba, don irin wannan aiki kan ɗauki shekaru.