Kwamfutarka Lafiya Lau, Takun Lokacinka Ne Ya Yi Faɗi

Lokacin rubuta furojet ya zo, don haka wasiƙun wannan makon kusan duk daga 'yan lissafi da kimiyya suke, masu fama da PDE, wato lissafin abin da ke sauyawa da wuri da lokaci a tare, irin yaɗuwar zafi a ƙarfe, tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa, ko igiyar sadarwar da wayarka ke kamawa.

TAMBAYA: Malam, ba ni da laftof. Zan iya gwada wannan lissafin a wayata? Ɗalibi daga Tudun Wada.

AMSA: Za ka iya. Sauke Pydroid 3, manhajar rubuta yaren kwamfuta na Python a wayar Android, ka ɗora masa numpy na lissafi da matplotlib na zane. In kana da data, buɗe Google Colab, shafin gudanar da Python a intanet, a burauza, can injin Google ne zai yi aikin. Ka dai nemi ƙaramin kibod, don yatsa ɗaya ba ya gama furojet.

TAMBAYA: Na rubuta manhaja a Python don lissafin yaɗuwar zafi a sandar jan ƙarfe mai tsawon mita 1. Na raba ta gida 200, takun lokaci, wato tazarar da lissafin ke matsawa gaba kowane zagaye, daƙiƙa 1. Da farko zanen yana kyau, sai ya koma kamar haƙoran zarto, daga baya komai ya zama NaN, alamar da kwamfuta ke bugawa in amsar ba lamba ba ce. Mai gyara a Sabon Gari ya ce in ƙara ram, ma'adanar da kwamfuta ke aiki da ita. Nawa zan saya? Ɗaliba daga Samaru.

AMSA: Ƙanwata, mayar da kuɗinki jaka. Wannan tambayar tana ci mini rai, domin kowace shekara sai ɗalibai sun kai kwamfuta mai lafiya wajen gyara kan laifin da ke cikin layi ɗaya na aikinsu. Mai gyara ya san allo da batir, amma ba shi ya zauna ajin lissafi ba, ke kika zauna.

Hanyar da kika bi tana ɗaukar zafin kowane gida a yanzu, da na maƙwabtansa biyu, ta fitar da zafinsa a taku na gaba. Lamba ɗaya ce ke mulkin wannan, ana kiran ta r: saurin yaɗuwar zafi a ƙarfen, sau takun lokaci, a raba da faɗin gida sau kansa. Kowane gida yana miƙa kaso r na zafinsa ga na dama, kaso r ga na hagu, ya riƙe saura. Ki ɗauka mutum ne da mudu ɗaya na hatsi: in ya ba kowane maƙwabci rabi, ya tashi hannu rabbana, in kuwa ya yi alkawarin fiye da rabi-rabi, ya shiga bashi. Shi ya sa bai kamata r ya wuce 0.5 ba.

Mu duba naki. Saurin yaɗuwar zafi a jan ƙarfe kusan 0.000111 ne a ma'aunin mita da daƙiƙa. Faɗin gidanki 0.005, sau kansa 0.000025. Da taku daƙiƙa 1, r ɗinki ya kai 4.4, kusan ninki tara na iyaka. A haka ɗan kuskuren da ba ya ganuwa yana ninkuwa kusan sau 17 a kowane taku, yana juya alama daga ƙari zuwa ragi, haƙoran zarton da kika gani ke nan. Kafin taku 300 lambobin sun fi ƙarfin abin da kwamfuta ke iya riƙewa. Ko kwamfutar da ta fi kowace tsada a Zariya aka ba ki, abin da za ta ƙara miki shi ne ta isa NaN da wuri.

Mayar da takun daƙiƙa 0.1, r ya sauko 0.44, zanen ya kwanta. Ki kuma lura, duk sanda kika ninka yawan gidaje, sai kin raba takun gida huɗu, aikin ya ninku sau takwas. In faranti ne mai tsawo da faɗi, iyakar ta koma 0.25. In igiya ce, kamar sauti ko tsirkiyar garaya, dokar ita ce kada igiyar ta tsallake fiye da gida ɗaya a taku guda. Courant da Friedrichs da Lewy suka bayyana wannan a Jamus tun 1928, kafin a ƙera kwamfutar lantarki ko ɗaya. Ikweshan ɗin zafin kuwa Fourier na Faransa ya fitar da cikakken bayaninsa a 1822.

In ƙananan taku sun gundure ki, koma hanyar Crank da Nicolson ta 1947, wadda ba ta fashewa komai girman taku. Sai dai in zafin farko yana da tsalle, gefe 100 gefe 0, babban taku zai bar miki 'yar rawa a wajen tsallen, don haka kada ki sake jiki.

Abu biyu nake so su zame miki jiki. Ki sa manhajar ta buga r kafin ta fara zagaye, ta tsaya in ya wuce iyaka. Sannan kada ki yarda da zane don ya yi kyau. Gwada shi da amsar da aka sani: riƙe bakin sandar biyu a sifili, fara da zafi mai siffar sin(πx), dole tsakiyar ta ragu zuwa rabi cikin kusan daƙiƙa 633. In naki bai ba da haka ba, duba ko wajen kwafe jerin zafin kin rubuta sabo = tsoho ba tare da .copy() ba. A numpy wannan suna biyu ne kan jeri ɗaya, kina goge lambobin da kike karantawa.

TAMBAYA: Ina warware ikweshan ɗin Laplace a fili mai ɗigo 300 sau 300, manhajar lissafi ta MATLAB ta ce ma'adana ta cika. Ɗalibin injiniya daga Palladan.

AMSA: Ɗan'uwa, ɗigo 90,000 gare ka, ka kuma gina cikakken matiris, wato teburin lambobi, 90,000 sau 90,000. Kowace lamba bayit 8, jimla kusan gigabayit 65, kuma kusan duka sifili ka tara. Kowane layi lamba biyar kacal ke da amfani. Gina shi da umarnin spdiags, wanda ba ya ajiye sifilan, ka warware da umarnin A\b, 'yan megabayit ne. A Python, scipy.sparse da spsolve. Octave, manhaja mai kama da MATLAB, ma tana yi, kuma kyauta ce.

TAMBAYA: Laftof ɗina na ɗaukar zafi ya mutu a tsakiyar lissafi. Mai karatu daga Kongo.

AMSA: Ƙurar hunturu ta toshe fanka. A buɗe a hure, a sake man janye zafi da ke kan furosesa, ka daina ɗora shi kan katifa. Ka kuma riƙa ajiye sakamako da np.save duk taku 1,000, don in an ɗauke wuta ka ci gaba daga inda ka tsaya.